Kogin Nilu: Tafiyar iyali a jirgin ruwa tsakanin Luksor da Aswan

Ga mazauna unguwa irin Gyallesu da ke Tudun Wadan Zariya, wadda ke maƙwabtaka da harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, ƙasar Masar ba baƙuwa ba ce. Akwai waɗanda suka yi karatu a Jami'ar Azhar, akwai waɗanda suka kai marasa lafiya asibitocin birnin Alƙahira, akwai kuma waɗanda suka yada zango a can a kan hanyarsu ta zuwa Umra.

To amma galibin irin waɗannan tafiye-tafiye a Alƙahira suke tsayawa. Idan an sami sarari a leƙa dalolin Giza da masallacin Sayyidina Husaini da kasuwar Khan al-Khalili, sai a juyo gida.

Manyan gidajen bauta da suka rage a tsaye daga zamanin Fir'aunoni kuwa suna can kudancin ƙasar, a bakin kogin Nilu, tsakanin birnin Luksor da birnin Aswan, tazarar kilomita 200 da ɗoriya. Hanyar da aka fi bi domin ganinsu ita ce ta ruwa, a cikin jiragen da ake ci, a sha, a kwana a cikinsu.

Wannan tafiya tana cikin ginshiƙan harkar yawon buɗe ido a Masar. Ga magidanci Musulmi daga arewacin Najeriya kuma, tana ɗauke da tambayoyin da ba sa damun Bature: shin ya halatta mutum ya kai iyalinsa gidan gumaka, wane Fir'auna ne ya yi gine-ginen, kuma yaya zaman cikin jirgin yake ga mai kiyaye salla da sutura?

Yadda tafiyar take

Kogin Nilu, mai tsawon kimanin kilomita 6,650, daga kudu yake gangarowa zuwa arewa. Manyan rassansa biyu, wanda ya taso daga yankin tafkin Victoria da wanda ya sauko daga tsaunukan Habasha, suna haɗuwa a birnin Khartum na Sudan, sannan su ratsa hamada su shiga Masar.

Iska kuwa a mafi yawan shekara daga arewa take kaɗawa. Wannan ne ya sa tun fil azal kogin ya zama babbar hanyar ƙasar: mai zuwa arewa ya bi ruwa, mai zuwa kudu ya ɗaga ƙyallen jirginsa iska ta tura shi.

Jiragen yau da inji suke tafiya, kuma a haƙiƙa otal-otal ne masu yawo a kan ruwa, hawa huɗu ko biyar, da ɗakunan kwana da ɗakin cin abinci da wurin shan iska a sama. Wanda ya tashi daga Luksor yakan kwana huɗu kafin ya sauka a Aswan, wanda ya tashi daga Aswan ya gangaro yakan kwana uku. Akwai masu yin mako guda, zuwa da dawowa.

Wanda ya saba da Kubanni ko Galma, waɗanda ke cika da damina su janye da rani, zai yi mamakin kogin da ke ratsa ƙasar da kusan ba a ruwan sama, amma bai san ƙafewa ba. A kowane gefe akwai siririn layi na gonakin rake da ayaba da dabino, a bayansa kuma rairayi da duwatsu. A wasu wuraren ana hango inda kore ya ƙare hamada ta fara daga kan kujerar da mutum ke zaune. Kimanin kashi 95 cikin 100 na al'ummar Masar a kan wannan layi da kuma yankin da kogin ya rarrabu a arewa suke zaune.

Alhazai ne suka riga Turawa

Ƙarnoni kafin a san wani abu yawon buɗe ido, wannan sashe na kogin hanyar aikin Hajji ce. Maniyyata daga Masar da Magrib da Andalus sukan haura Nilu har garin Ƙus da ke arewa da Luksor, su ratsa hamada zuwa tashar Aizab da ke bakin Bahar Maliya, su ƙetare zuwa Jidda. Ibn Jubair na Andalus ya bi ta a shekarar 1183, ya kuma tsaya ya auna tare da siffanta wani katafaren gidan bauta a garin Akhmim wanda daga baya aka rushe.

Ibn Battuta ya bi sawunsa a shekarar 1326. Ya ratsa Luksor da Armant da Esna da Edfu, garuruwan da jiragen yau ke wucewa ta gabansu, sai dai yaƙin da ya tarar a Aizab ya sa ya juyo. Shi ne matafiyin da daga baya, a 1353, ya isa Takedda da ke cikin Jamhuriyar Nijar ta yau, ya kuma ambaci Gobir a cikin ƙasashen da ake kai wa tagullar garin.

Alaƙar ƙasar Hausa da Masar ta ilimi ma tsohuwa ce. Imam Jalaluddin Suyuɗi ya aika wa Sarkin Katsina da Sarkin Agadas wasiƙar nasiha a ƙarshen ƙarni na 15, kuma malamin nan Muhammad al-Kashnawi, Bakatsine masanin lissafi, a Alƙahira ya rasu a 1741.

Tafiyar shaƙatawa kamar yadda aka san ta a yau wani Bature ɗan Ingila mai suna Thomas Cook ne ya assasa ta. A 1869, shekarar da aka buɗe mashigin ruwa na Suez, ya kai ayarinsa na farko kogin Nilu, kuma cikin 'yan shekaru kamfaninsa ya mamaye jigilar fasinja a jirage masu aiki da tururi. Kamfanin ya durƙushe a 2019, amma tsarin da ya kafa, na jirgi da ɗan jagora da jerin wuraren tsayawa, shi ake bi har yanzu.

Luksor

Sunan garin daga Larabci ya fito, al-Uƙsur, wato fadodi ko ganuwoyi. Mutanen da suna kiransa Waset, Girkawa kuma Thebes, kuma shi ne cibiyar addini ta Masar a lokacin da daularta ta kai ƙololuwa, tsakanin ƙarni na 16 da na 11 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Gidan bauta na Karnak shi ne mafi girma. An shafe kusan shekaru 2,000 ana gina shi, inda Fir'aunoni kimanin 30 kowa ya ƙara nasa, wani lokaci ma ya rushe na magabacinsa ya yi ciko da duwatsun. Zauren da ya fi jan hankali yana da ginshiƙai 134, kuma 12 da ke tsakiya kowanne ya kai mita 21, kauri kuwa sai mutane da dama sun riƙe hannun juna kafin su zagaye ɗaya. Seti na Ɗaya da ɗansa Ramsis na Biyu ne suka yi mafi yawan aikin zanen da ke jikinsu.

A nan kuma ake ganin doguwar hasumiyar sarauniya Hatshepsut, dutse guda ba haɗi, mai tsawon kusan mita 30. Daga Aswan aka sassaƙo shi, aka ɗoro shi a jirgi aka gangaro da shi ta wannan kogi.

Wata hanya mai tsawon kilomita 2.7, da gumaka jere a gefe da gefe, ta haɗa Karnak da ɗaya gidan bautar da ke tsakiyar gari. An kwashe shekaru ana tono ta daga ƙarƙashin gidaje da tituna, aikin da ya haddasa tayar da mutane da dama daga muhallansu, kafin a buɗe ta a watan Nuwamba na 2021.

Masallaci a kan gidan bauta

Gidan bauta na Luksor shi ne wurin da ya fi cancanta baƙo Musulmi ya daɗe a cikinsa. Amenhotep na Uku ne ya fara shi a ƙarni na 14 kafin Miladiyya, Ramsis na Biyu ya ƙara masa farfajiya da babbar ƙofa, da hasumiyoyi biyu a gabanta. Ɗaya ce kawai ta rage. Muhammad Ali Basha ya yi wa Faransa kyauta, aka ɗauke ɗayar aka kafa ta a birnin Paris a 1836.

Da mutum ya shiga farfajiyar ya ɗaga kai hagu, masallaci zai gani a sama, a kan ginshiƙan Ramsis. Wannan shi ne masallacin Sheikh Yusuf Abul Hajjaj, malamin Sufaye da ya rayu a garin ya kuma rasu a ƙarni na 13. Kabarinsa ne abin da Ibn Battuta ya ambata game da Luksor.

A zamanin da aka gina masallacin, ƙasa da tarkacen gari sun binne gidan bautar har kusan wuya, mutane sun yi gidajensu a kai. Da aka fara tono a shekarun 1880 an kwashe gidajen, amma aka bar masallacin. Shi ya sa tsohuwar ƙofarsa take rataye a sama a yau, mita da dama daga ƙasa, ba wanda ke iya shiga ta nan. Ta ɓangaren titi ake shiga, kuma ana salloli biyar a cikinsa. A cikin masallacin ana ganin kawunan ginshiƙan da rubutun mutanen da a jikinsu.

Kafin masallacin ma coci aka yi a wurin, kafin cocin kuma sojojin Rum sun mayar da harabar sansaninsu.

Kowace shekara a watan Sha'aban ana yin maulidin Abul Hajjaj, inda ake zagaya gari da jiragen ruwa a kan amalanke. Masana tarihi da dama suna ganin al'adar ta yi kama da wani bikin da aka riƙa yi a wannan gari a zamanin Fir'aunoni, lokacin da ake ɗaukar gumaka a cikin jirage daga Karnak zuwa nan. Mutanen garin kuwa suna danganta jiragen da tarihin shehin nasu.

Yammacin kogi da batun gawar Fir'auna

A ƙetaren kogi, inda rana ke faɗuwa, aka riƙa binne sarakuna. Kwarin Sarakuna yana da kaburbura fiye da 60 da aka haƙa cikin dutse, wasu da dogayen hanyoyi masu gangara, da zane-zanen da launinsu bai dushe ba bayan shekaru 3,000. A nan ne Howard Carter ya gano kabarin Tutankhamun a watan Nuwamba na 1922, da kayayyaki fiye da 5,000 a ciki. Gawar tana nan a kabarin, kayan kuwa suna sabon gidan tarihi na Giza da aka buɗe a hukumance a ranar 1 ga Nuwamban 2025.

Baƙi da yawa daga ƙasashen Musulmi suna zuwa ne da fatan ganin gawar Fir'aunan Annabi Musa (AS), saboda abin da ya zo a aya ta 92 ta Suratu Yunus game da tsirar da jikinsa domin ya zama izina. Abu biyu ya kamata a sani a nan.

Na farko, galibin gawarwakin manyan sarakunan ba sa Luksor. An kwashe su zuwa Alƙahira tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma a watan Afrilun 2021 aka mayar da 22 daga cikinsu gidan tarihin wayewar Masar da ke unguwar Fusɗaɗ.

Na biyu, Alƙur'ani bai ambaci sunan wannan Fir'auna ba, kuma masana ba su haɗu a kan mutum ɗaya ba. Wasu na cewa Ramsis na Biyu ne, wanda ya yi mulki daga 1279 zuwa 1213 kafin Miladiyya. Likitan nan ɗan Faransa Maurice Bucaille, wanda ya wallafa littafi kan Alƙur'ani da kimiyya a 1976, ya karkata ga ɗansa Merneptah. A jikin wani allon dutse na Merneptah da aka gano a yammacin Luksor a 1896 ne aka sami ambaton sunan Isra'ila mafi daɗewa a wajen littattafan addini. Ɗan jagoran da ya nuna wa baƙo gawa ya ce tabbas wannan ce, ya faɗi abin da ya wuce saninsa.

Esna, Edfu da Kom Ombo

Daga Luksor jirgi ke kama hanyar kudu. A Esna akwai madatsa, don haka jirage kan yi layi su shiga wata mashiga mai ƙofofi, a rufe, a cika ta da ruwa har jirgin ya ɗago daidai da ruwan gaba. Yara sukan fi son wannan fiye da duk wani gini. Lokacin jira ne kuma 'yan kasuwa ke zuwa a ƙananan kwale-kwale su riƙa jefo jallabiya da mayafai sama, ana ciniki da ƙaraji.

Gidan bauta na Edfu shi ne wanda ya fi kowanne tsira daga lalacewa, domin rairayi ya rufe shi har 1860 da aka fara tono shi. An gina shi tsakanin shekarar 237 da ta 57 kafin Miladiyya, babbar ƙofarsa ta kai mita 36, rufinsa kuma yana nan. Daga bakin ruwa a keken doki ake zuwa, kuma yana da kyau a gama maganar kuɗi kafin a hau.

Na Kom Ombo a kan gaɓa yake, an raba shi biyu daidai, ɓangare ɗaya na abin bautar da ake siffantawa da kan kada, ɗayan na mai kan shaho. A jikin wani bango akwai zanen da aka fi fassarawa da kayan aikin likita, kusa da shi kuma akwai ƙaramin gidan tarihi na busassun kadoji. Kadoji masu rai sun ƙare a wannan sashe na kogin, sai a tafkin da ke bayan Aswan.

Waɗannan gine-gine, da na tsibirin Philae da ke gaba, an yi su ne a zamanin sarakuna Girkawa da suka gaji Iskandar, da kuma na Rumawa, kimanin shekaru 1,000 bayan Ramsis na Biyu. Ba su da alaƙa da Fir'aunan da ya yi jayayya da Annabi Musa (AS), ko da wane ne shi.

Aswan da madatsar ruwa

Kogin da baƙo ke gani a yau ba ya ambaliya. Shekaru dubbai Nilu yana cika a ƙarshen bazara ya malale gonaki ya bar musu taɓo mai albarka, kuma a kan wannan aka gina noma da haraji da addinin mutanen da. Babbar madatsar ruwa ta Aswan ce ta kawo ƙarshen hakan.

Shugaba Gamal Abdel Nasser ne ya ƙuduri gina ta. Da Amurka da Birtaniya suka janye alƙawarin ba da kuɗi a 1956, sai ya mayar da mashigin Suez mallakar gwamnati, lamarin da ya jawo yaƙi da Birtaniya da Faransa da Isra'ila. Tarayyar Soviet ce ta taimaka aka yi aikin daga 1960 zuwa 1970. Tsayin madatsar mita 111 ne, tsawonta kusan kilomita 4, kuma ta haifar da tafkin Nasser mai tsawon kimanin kilomita 500, wanda ya shiga har cikin Sudan.

Ta ba ƙasar wutar lantarki, ta kare ta daga fari irin wanda ya addabi yankin Sahel da Habasha a shekarun 1970 da 1980, ita ce kuma ta sa jirage ke iya tafiya duk shekara. Amma ta haɗiye ƙasar Nubiyawa. Mutane fiye da 100,000 aka tayar a ƙasashen biyu. Na Masar an kai su sababbin ƙauyuka a yankin Kom Ombo, nesa da ruwa, na Wadi Halfa a Sudan kuma aka kai su Khashm al-Girba a gabashin ƙasar. Mutanen Bussa da Yawuri, waɗanda madatsar Kainji ta tayar da dubban 'yan uwansu a ƙarshen shekarun 1960, sun san irin wannan labari.

Duwatsu sun fi mutane samun masu tsaya musu. A 1960 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi kira ga ƙasashe su ceci gine-ginen da ruwa zai cinye, ƙasashe kimanin 50 suka ba da gudunmawa. Tsakanin 1964 da 1968 aka yanka gidajen bauta biyu na Abu Simbel gunduwa-gunduwa, wasu yankan har tan 30, aka sake haɗa su mita 65 sama da inda suke, mita 200 baya. Gumakan Ramsis huɗu da ke ƙofar kowanne ya kai mita 20. Har yanzu sau biyu a shekara, ranar 22 ga Fabrairu da 22 ga Oktoba, hasken fitowar rana yana ratsa ginin har ƙuryarsa. Na Philae ma an kwashe shi zuwa wani tsibiri mafi tudu, aikin da aka kammala a 1980.

Daga wannan yunƙuri ne aka samu yarjejeniyar kare kayan tarihi na duniya ta 1972, wadda a ƙarƙashinta aka sanya Sukur ta jihar Adamawa a 1999 da tsohon birnin Agadas a 2013. Ganuwar Kano da kufan Surame suna cikin jerin wuraren da Najeriya ta gabatar tun 2007.

Madatsar ta bar wata matsalar. Noman rani da ake yi duk shekara ya ɗago ruwan ƙarƙashin ƙasa, gishirin da ke cikinsa kuma yana hawa jikin duwatsun yana marmashe su. An kashe maƙudan kuɗi wajen shimfiɗa bututai da injinan zuƙe ruwa a kewayen Karnak da Luksor da Edfu da Kom Ombo. A can kudu kuma Habasha ta ƙaddamar da tata babbar madatsar a watan Satumban 2025, bayan shekaru 14 ana gini ana taƙaddama, abin da Masar ke kallo a matsayin barazana ga ruwan da rayuwarta ta dogara da shi.

Matsayin malamai

Malaman Musulunci sun saɓa kan ziyartar irin waɗannan wurare. Masu hanawa ko ƙyamata suna kafa hujja da hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa lokacin da Manzon Allah (SAW) ya ratsa Hijr, mazaunin Samudawa, a kan hanyar Tabuka, ya hori sahabbansa kada su shiga gidajen waɗanda aka yi wa azaba sai suna masu kuka da tsoro. Suna kuma nuni da yawan gumakan da ke ciki.

Masu halattawa suna kafa hujja da ayoyin da suka yi umarni a yi tafiya a bayan ƙasa a ga ƙarshen al'ummomin da suka gabata, da kuma cewa sahabban da suka ci Masar da yaƙi ƙarƙashin Amr ibn al-As daga shekarar 640 ba su rushe gine-ginen ba, kuma babu mai bauta musu a yau. Wannan ne ra'ayin cibiyar ba da fatawa ta ƙasar Masar. Masu ra'ayin farko suna mayar da martani da cewa da yawa daga cikin gine-ginen suna binne a rairayi a wancan lokaci.

Abin da ɓangarorin biyu suka fi kusa da haɗuwa a kai shi ne niyya: zuwa domin izina da ilimi daban yake da zuwa domin girmamawa. Magidanta da yawa sukan tuntuɓi malamin da suka amince da shi kafin su biya kuɗi.

Akwai kuma masu zuwa da neman tushe. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta ruwayar da ke cewa Gobirawa daga Kibɗawan Masar suka fito. Abin da masana harshe suka tabbatar shi ne Hausa da harshen Masar na da da Larabci reshe-reshe ne na babban dangi guda, kuma sukan ba da misali da kalmomi irin su mutu da ƙashi da huɗu, waɗanda ke da takwarori a tsohon harshen Masar. Sai dai dangantakar ta girmi Fir'aunoni da dubban shekaru, ba ta nuna cewa wani ya yi hijira daga Luksor zuwa ƙasar Hausa ba.

Tsaro da tattalin arziki

Ranar 17 ga Nuwamban 1997 wasu 'yan bindiga shida suka kashe mutane 62 a gidan bauta na Hatshepsut da ke yammacin Luksor, 58 daga cikinsu baƙi 'yan ƙasashen waje. Harin ya durƙusar da garin na wani lokaci, ya kuma jawo wa masu tayar da ƙayar baya baƙin jini a idon talakawan da suka rasa abin yi. Tun daga nan 'yan sanda da na'urorin bincike suka zama ruwan dare a ƙofar kowane wuri.

Baƙi miliyan 14.7 ne suka shiga Masar a 2010. Bayan juyin juya halin 2011 adadin ya faɗo ƙasa da miliyan 10, jirage suka yi cirko-cirko a gaɓar Luksor ba fasinja. Ya ƙara faɗuwa zuwa miliyan 5 da ɗoriya a 2016, bayan tarwatsewar jirgin saman Rasha a yankin Sinai. A watan Maris na 2020 kuma a cikin wani jirgi da ke tsakanin Aswan da Luksor aka sami ɗaya daga cikin ɓarkewar farko ta cutar korona a ƙasar. A 2024 adadin ya kai miliyan 15.7. Wannan hawa da sauka yana cikin abin da ke sa masu keken doki da 'yan kasuwa su riƙa matsa wa baƙo lamba, abin da kan ɓata wa wasu rai.

Abin da mai iyali zai lura da shi

Daga Zariya hanya mafi sauƙi ita ce ta filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, inda kamfanin EgyptAir ya daɗe yana jigila zuwa Alƙahira, tafiyar sa'o'i huɗu zuwa biyar. Daga can zuwa Luksor sa'a guda ce a jirgin sama, ko dare guda a jirgin ƙasa. Ɗan Najeriya yana buƙatar biza da katin allurar shawara.

Lokaci shi ne babbar matsala. Dogon hutun makarantu a Najeriya yana faɗowa ne daga Yuli zuwa Satumba, daidai lokacin da zafi a Aswan ke haura maki 40 a kullum. Iyalin da suka baro sanyin damina a Zariya za su tarar da zafin da ya fi na bazara, a wuraren da ba inuwa. Kuɗi kan yi sauƙi a lokacin, amma yara ƙanana da dattawa na shan wahala. Daga Oktoba zuwa Afrilu ya fi daɗi, sai dai hutun Disamba shi ne lokacin da aka fi cunkoso da tsada. Zuwa Abu Simbel daga Aswan tafiyar kilomita 280 ce a mota, kuma tun kafin asuba ake tashi.

A yawancin jirage ana sayar da giya, akwai wurin ninƙaya a sama da maza da mata ke shiga tare, wasu darare kuma ana kawo masu rawa. Babu wanda ake tilasta wa halarta, amma ya kamata a tambaya kafin a biya. Akwai ƙananan jirage masu tafiya da iska, da ake kira dahabiyya, waɗanda iyali babba kan iya ɗaukar haya su kaɗai, ko da yake sun fi tsada. Ma'aikatan jirage yawancinsu Musulmi ne, sukan nuna alƙibla, wadda a wannan yanki gabas take da ɗan karkata kudu, kuma tana sauyawa duk lokacin da jirgi ya bi lanƙwasar kogi.

A tasha jirage kan tsaya gefe da gefe, har sai mutum ya ratsa ta cikin uku ko huɗu kafin ya taka ƙasa, don haka a riƙe hannun yara. Kada a sha ruwan famfon jirgi, kada kuma a bar yara su shiga ruwa a bakin gaɓa ko magudanan gona saboda tsargiya.

Tun daga 2023 manyan wuraren tarihi da dama suka daina karɓar tsabar kuɗi a ƙofa, sai katin banki, saboda haka a tabbatar katin zai yi aiki a waje. Kyautar bakshish al'ada ce da ake sa ran samu daga kowane baƙo. Dokar Masar ta 1983 ta haramta saye ko fitar da kayan tarihi, kuma ana ɗaure masu karya ta.

Abinci ba zai zama baƙo sosai ba. Jan abin shan da ake tarbar fasinja da shi, karkade, zoɓo ne. Miyar mulukhiyya da lalo ake yin ta, bamiya kuma kuɓewa ce. A kasuwar Aswan ana sayar da goruba, wadda suke kira dom, ana jiƙa ta a sha, kuma an sami kwandunanta a cikin kayan da aka binne tare da Tutankhamun.